Yadda Za Ka Zama Gwanin Gem Ɗin Da Ba Wanda Ya Taɓa Ji

Kai mai na'urar gem ta hannu, matso kusa, na san damuwarka. Ka sayi na'ura mai tsada, ka saya mata jaka da ƙyallen goge fuska, amma har yau ba wanda yake ganin girmanka, domin abin da kake bugawa shi ɗan maƙwabcinka yake bugawa: ƙwallo, tseren mota, harbe-harbe. To, share hawayenka. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka zama mutumin da ake neman shawarar wasa a wurinsa sau ɗaya, ba a kuma ƙarawa har abada. Ba a taɓa gwada dabarar nan ta ƙi ci ba.

Kada ka ce me tela ta sani a harkar gem. Ɗinki nake yi, gaskiya ne, amma kekena a falo yake, kuma a falon nan babban malamin wannan fanni yake zama, wato maigidana. A shagon tabarau yake aiki, wuni yake yi yana sa mutane karanta haruffa a jikin bango. Abokan aikinsa Gwani suke ce masa, shi kuma har yau ya ɗauka yabo ne. Duk abin da zan koya maka a wurinsa na gani, kyauta, ba don ina so ba.

Mataki na 1: Raina duk abin da mutane suke so

Nan ne tushe. Idan wasa ya yi daɗi har mutane suka san shi, to ya lalace. Ba sai ka buga ba kafin ka yanke hukunci, yawan masu son sa ya ishe ka hujja.

Kada ka zagi mai bugawa, zagi aikin ƙananan gwanaye ne. Tausaya masa za ka yi. Ran da na je shagonsu a canza mini gilashin da nake zura zare da shi, ina zaune a kan doguwar kujerar nan mai kallon madubi, sai Dogo, mai yanka musu gilashi, ya leƙo daga ɗakin injin fuskarsa cike da murna.

"Gwani, jiya fa na ci kofi a gem ɗin ƙwallon nan! Da kyar na sha a wasan ƙarshe."

Maigidana ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dube shi kamar likitan da ya ga mummunan sakamako.

"Allah sarki, Dogo. Ba laifinka ba ne."

Dogo ya koma ɗakin injin. Murnar da ya fito da ita, a bakin ƙofa ya bar ta. Ka ga aiki kenan.

Mataki na 2: Zaɓi wasanninka da kyau

Wasan da ya dace da kai shi ne wanda babu kamfani a bayansa, mutum ɗaya ne ya haɗa shi a ɗakinsa, in da hali lokacin yana cikin baƙin ciki. Kada launinsa ya wuce toka-toka. Sunansa kuma ya zama wanda harshe ba ya iya juyawa, yadda kullum za ka faɗe shi daban, ba mai gyara maka.

Ga waɗanda malamina yake ji da su. Akwai wanda kai dutse ne a gefen hanya. Ba ka motsi, ba ka magana, ruwa ya dake ka, rana ta dake ka. Maɓalli ɗaya ne a wasan, in ka danna, dutsen ya yi tunani. Akwai na jiran bas: kana tsaye a tasha da jaka, bas ba ta zuwa. Na tambaye shi yaushe za ta zo, ya ce tambayata ta nuna ban shirya wa wasan ba.

Akwai kuma na ninke kaya. Wani tsoho ne yake ninke tufafin matarsa da ta rasu, riga bayan riga. Wannan kam na ga ƙwalla a idon maigidana, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai yana ninke rigunan matar mutane a cikin na'ura, kayan wankin gidansa na gaske suna jibge a kujerar da ke gefensa, har ya jingina da su don ya ji daɗin zama. Ni da nake raye ban taɓa ganin ya ninke mini ɗankwali ba.

Amma sarkinsu duka shi ne na kwale-kwale. Riƙe shi a ranka, za mu dawo kansa.

Hikima kyauta: in wasa ya sa ka dariya, goge shi. Dariya ta 'yan koyo ce.

Mataki na 3: Kada ka taɓa karanta bayanin farko

Kowane wasa yana buɗewa da ɗan rubutu mai gaya maka yadda ake yi. Tsallake shi. Danna maɓalli da sauri, har da ɗan tsaki, don na kusa da kai ya san kai ba baƙo ba ne. Mutumin da ya ƙirƙiri wasan bai fi ka sanin wasansa ba.

Kada ka damu in aikinka na kullum shi ne tilasta wa tsofaffi karanta ƙananan haruffa daga nesa. Wannan na kwastoma ne. Gwani ba ya karatu, fahimta yake yi.

Mataki na 4: In ka maƙale, ka ce ma'ana ce

Yanzu mu koma kan kwale-kwale. Wasa ne na wani mutum a bakin kogi mai faɗi, yana son hayewa. A cikin jirgin akwai wurin zama biyu, shi yana gaba da filafili ɗaya, wato icen tuƙi, bayan kuma ba kowa. Duk wanda ya taɓa ganin jirgin ruwa ko a hoto ya san abin da zai faru in ana tuƙi ta gefe ɗaya: jirgin zai yi ta zagaye a wuri guda.

Haka maigidana ya yi ta zagaye tun kafin damina har ta wuce. Wani zai ce ya kasa. Kai kada ka ce haka, ga abin da za ka ce, daga bakinsa na kwaso:

"Maman Auta, kin ga wurin zaman nan na baya da ba kowa? Kaɗaicin ɗan'adam kenan. Kin ga zagayen nan? Rayuwa ce. Gaɓar can ba a isa gare ta. Wanda ya yi wasan nan ya san duniya."

Na ce, "To, Allah ya sa a isa lafiya," na ci gaba da taka kekena.

Ka lura da ribar wannan mataki. Daga yau ba za ka sake faɗuwa a wasa ba, sai dai ka yi zurfi.

Mataki na 5: Ba da shawara, amma kada ka miƙa na'ura

Wata rana wani zai zo da zuciya ɗaya ya ce ka nuna masa wasa. Wannan shi ne babban haɗari, domin in ya buga zai iya jin daɗi, in ya ji daɗi zai faɗa wa wani, kafin ka ankara kun zama ku uku, girmanka ya zube.

A gidanmu Auta ce haɗarin. Ita kaɗai ta rage mana, yayyenta duk sun kama gabansu. Ta samu gurbi a makarantar kwana mai nisa, irin wadda ake karɓe waya tun a bakin ƙofa, kuma hutun da ya rage mata a gida ƙarewa yake yi. Ni ina ta ɗinka mata zannuwan gado da rigunan makaranta. Ita kuwa ba abin da take so irin ta zauna kusa da ubanta su yi wani abu tare kafin ta tafi. Ba ta faɗa ba, amma ni na haife ta. Yarinyar da ba ta damu da gem ba, sai ga ta kullum da yamma a hannun kujerarsa, tana leƙen allo ta kan kafaɗarsa.

"Baba, wanne zan fara da shi?"

Dubi yadda gwani yake amsawa. Ya kife na'urar a cinya, ya gyara zama, ya fara daga tarihin wanda ya yi wasan dutse: ƙasarsu, sanyin garinsu, rabuwarsa da matarsa. Shayinsa ya huce, na sake ɗumamawa, ya sake hucewa. Da ya gama, Auta ta miƙa hannu.

"To in gwada?"

"Ba yanzu ba. Sai kin fara fahimtar abin da za ki gwada."

Ka yi haka kullum. Shawara kamar ruwan famfo, na'ura kuwa ko ƙamshinta kada a ji.

Mataki na 6: Kada ka manta na'urar a gida

Nan malamina ya yi sake, ina faɗa maka ne don kada ka maimaita. Wata Asabar da safe aka kira shi shago da gaggawa, wani kwastoma ya zauna a kan tabaransa. Ya fita da sauri ya bar na'urar tana caji a kan teburin ɗinkina, tsakanin almakashi da gwangwanin allurai.

Auta ta daɗe tana kallon ta. Na yi kamar ban gani ba, har na juya kujerata don in ƙara rashin gani. Can sai na ji ta ce, "Mama! Mama, zo ki ga!"

Wasan kwale-kwalen ta buɗe sabo daga farko, kuma da yake ba gwana ba ce, sai ta tsaya ta karanta rubutun. Layi biyu ne kacal. Na'urar tana da wasu maɓallai a gefe da gefe masu zarewa, ni kunnuwa nake ce musu. Rubutun cewa ya yi a zare kunnuwan nan, ka riƙe ɗaya, ka miƙa ɗaya ga wanda yake kusa da kai, domin ba a haye kogin nan da mutum ɗaya.

Ta zare su, ƙaras. Nan take wata mata ta bayyana a wurin zaman baya da nata filafilin. Kaɗaicin ɗan'adam ashe mai shi kawai yake jira.

"Riƙe da hannu biyu, Mama. Wannan yatsan tuƙi, wannan kwashe ruwa."

"Ni da ban iya ba?"

"Keke fa kike takawa. Kawai ki bi ni: ɗaya, biyu."

Mun kife ya fi a ƙirga. Mun daki dutse, mun shige cikin ciyawa, wani kada mai hula ya bi mu, na yi ihu har maƙwabciya ta buga bango. Auta ta yi dariya har ta zame daga kujera. Kafin azahar sai ga jirginmu ya taɓa gaɓar da ba a isa gare ta. Kuma ka san me? Toka-tokar nan duk ta wanke. Akwai kasuwar kwaɗi, akwai itatuwa masu fitilu, akwai wani kogin a gaba wanda ya fi na farko kyau. Wanda ya yi wasan nan ba baƙin ciki yake yi ba, mutumin kirki ne da ya so mutane biyu su zauna kusa da juna.

Auta ta mayar da kunnuwan, ta goge allon da gefen mayafinta, ta ajiye na'urar daidai inda take.

"Mama, don Allah kar ki faɗa masa. Ni zan nuna masa. So nake mu haye ni da shi kafin in tafi."

Na yi mata alkawari, kuma na cika. Da na san abin da zai biyo baya, da ban yi ba.

Mataki na 7: Katse duk wanda ya fara da "Amma"

Idan ka yi sake irin na sama, kada ka karaya, wannan mataki zai cece ka. Mai son gyara maka dole sai ya buɗe baki. Kai kuma kada ka bari ya kai ƙarshen magana.

Da yammar ranar, yana cikin zagayensa, Auta ta zauna a hannun kujera.

"Baba, wurin zaman nan na baya, ashe..."

"Yauwa! Kin fara gani. Kaɗaici kenan. Bari in miki bayani."

"A'a, Baba, ina nufin in aka..."

"Auta, ana magana ba a katse babba."

Washegari ta canza dabara, ta kai hannu a hankali za ta zare kunnen dama. Ka ga yadda ya fizge na'urar ya rungume? Ko jaririya ce aka kai wa wuta iyakar abin da zai yi kenan.

"Ke! Za ki karya! Ba a zare su, sakwarkwacewa suke yi. Tun da na saya ban taɓa zarewa ba."

Ya faɗi haka da alfahari, ka ji. Na buɗe baki, Auta ta girgiza mini kai. Na mayar da haushina kan keke, na taka shi har allura ta karye. Ta sake gwadawa ranar da muke haɗa akwati, ta ce ko zai fara wasan daga farko su gani tare. Ya ce mutumin da ya kai inda ya kai ba ya komawa farko. Inda ya kai ɗin, in ba ka manta ba, tsakiyar ruwa ne.

Hikima kyauta: kunnen gwani ado ne, da na jikinsa da na na'urarsa, duk ba a amfani da su.

Mataki na 8: Yi sallama da shawara

Ranar tafiya ta zo. Mota na ƙofar gida, direba ya ɗora akwati da bokiti, yana ta duba agogo. Auta ta fito cikin rigar da na ɗinka mata, hannun ya ɗan yi mata tsawo don na bar wurin girma. Ta tsaya a gaban ubanta.

"Baba, ɗan zauna kaɗan mana. Ka ba ni na'urar, abu ɗaya zan nuna maka. Wallahi ba zan ɓata ba."

Kada ka ɗauka ba ya son ta. Yana son ta, idonsa ma ya yi ja tun safe. Amma gwani ko zuciyarsa na ƙuna, da bayani take fitowa. Ya dafa kanta ya ce, "In kin dawo kin ƙara hankali, zan fara ki da na dutse. Shi ne ƙofar shiga. Na kwale-kwale sai a hankali, ya yi miki nauyi yanzu."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "To, Baba." Ta shiga mota. Ba ta yi kuka ba sai da ta ɗauka gilashin motar ya rufe ta. Ni na gani, ai ubanta ne ya zaɓa mini tabarau masu kyau.

Ban taɓa jin haushin mutumin nan kamar ranar ba, kuma ban ɓoye ba. Ya tambaye ni me ya yi, na ce bai yi komai ba, matsalar kenan.

Mataki na 9: In asiri ya tonu, yi borin kunya

Bayan kwana biyu, da la'asar, falon ya yi shiru irin na gidan da auta ta bari. Ya kunna na'urar, hannunsa ya kauce ya shiga wurin da wasan kwale-kwalen yake ajiye inda kowa ya tsaya. Ajiya biyu ya gani. Tasa, ruwan toka da jirgi a tsakiya. Ɗayar kuma ɗan hoto ne mai launi, jirgi a ɗaure a gaɓa, mutum biyu a tsaye.

"Maman Auta, mene ne wannan?"

Alkawarina ya ƙare da tafiyarta, don haka na faɗa masa duka, da kadan mai hula da kasuwar kwaɗin, ban rage komai ba. Na ce ya buɗe daga farko ya karanta. Ya gyara tabarau, ya karanta layi biyun nan a hankali, leɓensa na motsi, kamar tsofaffin da yake tsayarwa a gaban bango.

Ga abin da za ka ce in ka zo nan: "Ai na sani. Wancan hanyar masu sauƙi ce. Ainihin wasan shi ne nawa."

Ya faɗa, amma muryar ba ta fito da kyau ba. Na shiga kicin na bar shi. Da na dawo, na tarar ya zare kunnuwan. Ɗaya a hannunsa, ɗaya a ƙasa a kan darduma, ya cire safa yana danna shi da babban yatsan ƙafa. Babban mutum mai furfura a gemu, yana tuƙi da hannu yana kwashe ruwa da ƙafa. Jirgin ya kife. Ya sake, ya sake kifewa. Ya ɗauki waya ya kira lambar Auta, wayar ta yi ƙara a cikin durowar ɗakinta, inda ta bar ta.

Ya kashe kiran. Sannan ya ɗauki kunnen da ke ƙasa, ya goge shi da rigarsa, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Ko za ki...?"

Na zauna a kekena na zura zare.

"Wurin zaman nan da mai shi, Baban Auta. Ta roƙe ka har bakin mota. Ajiye mata."

Ya ajiye. Yana nan a kan teburin ɗinkina, kusa da gwangwanin allurai, kullum sai ya zo ya duba ko da caji. Dutsen ya daina tunani, bas ɗin ma an daina jiran ta. Abin da yake jira yanzu hutun makaranta ne, kuma da saura sosai. Jiya har kayan wanki ya ninke, duk a karkace.

A kula

Mai wannan rubutu tela ce, ba ta sayar da na'ura, ba ta gyaran ta, ba ta kuma sasanta uba da 'ya. In ka bi matakan nan Dogon shagonku ya daina gaishe ka, ba ruwana. In yatsan ƙafarka ya kumbura, ka nemi mai magani. Alkawarin da na yi maka shi ne za ka zama gwanin da ba a sake tambaya, kuma za ka zama. Amma ran da ka gaji da zagaye, ka zare kunnen ka waiga baya ka ga ba mai karɓa, kada ka ƙwala mini kira daga tsakiyar ruwa. Ni na riga na haye.